Wanda Ke Riƙe da Igiya

Laraba, 4 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Bishiyar mangwaron da ke lambun bayan ɗaki ta tsage jiya da la'asar. Ina kwashe shanya iskar ta taso. Kafin in ninke zani na biyu na ji ƙara kamar an yage sabon yadi a cikin kunnena. A daidai inda gindin ya rabu biyu ta ɓare. Rabi yana tsaye yadda yake. Ɗaya rabin ya kwanta a kan katangar da ke tsakaninmu da gidan Tela, rassansa sun hau kwanon ɗakin 'ya'yansa, sun kuma danne wayar wuta.

Na auna lambun da ƙafata da safen nan, taku tara a tsawo, biyar a faɗi. Katanga ta gefe uku, ɗakinmu ta na huɗu, sai ɗan lungun shiga da mutum biyu ba sa jerawa a cikinsa. Babu wurin da za a ce a kayar da ita ta faɗi. Tumatirina duk sun tafi, ɗanyun 'ya'yan mangwaro ko'ina a ƙasa.

Matar Tela ta leƙo ta kan katanga ta ce Allah ya so mu, tunda mai saran bishiyoyi a gidan nan yake kwana. Na ce mata haka ne. Maigida ya fito ya tsaya a bakin lungu, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo, ya koma ɗaki. Shekara goma sha tara yana wannan sana'a. Yau kwana ashirin da uku rabonsa da taɓa injin yankan itace.

Laraba, biyar na yamma

Daga makaranta na wuce asibiti wurin Auta. Shekara shida ƙanena yana riƙe wa mijina igiya a ƙasa in ya hau sama, yau ni ke riƙe masa kofi ya sha. Ya ci cokali huɗu. Inna tana zaune a gefen gadonsa, wurin da take tun ranar da aka kawo shi daga wurin aiki. Ta tambayi yara, ta tambayi makaranta. Ba ta tambayi kowa ba bayan haka.

Ban gaya musu zancen bishiyar ba.

Alhamis, 5 ga wata, shida da rabi na safe

Ƙarar sarƙa ta tashe ni. Na sami maigida a lambu ya naɗa wa gindin sarƙa zagaye uku a ƙasan tsagar, yana ɗaure ta. Ya kawo manyan katakai biyu ya tokare reshen da ya kwanta. Duk daga ƙasa ya yi, ƙafarsa ba ta bar ƙasa ba. Da ya gama ya ce in haɗa wa yara kaya su tafi gidan yayarsa, kuma kada wanda ya ƙara shiga lambun, ko kaza ce.

Na tambaye shi yaushe zai sare ta. Ya ce sai an cire wuta.

Bayan ya shiga wanka na saɓa masa. Na shiga da alli na zana layi a inda tsagar ta tsaya. Yatsuna biyu ke shiga bakinta.

Juma'a, 6 ga wata, azahar

Ba a yi iska ba. Gidan shiru babu yara.

Asabar, 7 ga wata, hantsi

Tela ya shigo da kansa, da tef rataye a wuya. Ya gaisa cikin mutunci, ya yi jajen Auta, sannan ya ce tun Talata 'ya'yansa a falo suke kwana, kan su ya haɗu da ƙafar keken ɗinki. Ya ce shi ma mai sana'a ne, ba wanda zai koya masa "gobe in sha Allahu", don shi ya ƙirƙiro ta. Amma shi in ya saɓa alkawari, riga ce kawai ba a sa ba.

Na yi dariya, don Tela ne. Maigida bai yi ba. Ya ce masa ya ji, ya ƙara masa haƙuri. Da Tela zai fita ya tsaya a soro ya tambaye ni a hankali ko lafiyar maigida ƙalau. Na ce gajiya ce.

Na gaji da cewa gajiya ce.

Lahadi, 8 ga wata, takwas na safe

Zan rubuta wannan don babu wanda zan gaya wa.

Maigida ya fito da kayansa tun da sassafe, ɗamarar hawa, hular kwano, igiyoyi. Ya zauna ya wasa sarƙar inji haƙori bayan haƙori kamar yadda ya saba. Ya jingina tsani a rabin da ke tsaye. Ina kicin ina kallonsa ta taga, na rage wutar risho don kada ya ji motsina. Ya taka ɗaya, biyu, uku, huɗu. A na huɗu ya tsaya. Ya kifa goshinsa a jikin tsanin. Ban san tsawon lokacin ba, ruwan shayin dai ya ƙone.

Ya sauko, ya zaga bayan tankin ruwa, na ji yana amai. Da ya shigo na ajiye masa shayi na ce an ce man inji ya yi wuya a gari kwanan nan. Ya ce haka ya ji shi ma.

Litinin, 9 ga wata, huɗu na yamma

Ba a yi iska ba. Tsagar ta wuce layin alli da ɗan yatsa.

Talata, 10 ga wata, shida na yamma

Likita ya kira ni ofishinsa ni kaɗai, ya rufe ƙofa, ya nuna min hoton bayan Auta a jikin fitila. Ya yi magana a hankali, ya maimaita sau biyu. Ba zan rubuta abin da ya ce ba.

Da na koma ɗaki Auta yana kallon silin. Ya ce, "Yaya har yanzu bai zo ba." Mijina yake nufi, haka yake kiransa tun kafin a ɗaura mana aure. Na ce aiki ya yi masa yawa. Ya ce aiki da wa, wa ke riƙe masa igiya. Na tashi na hau gyara masa filo.

Inna ta raka ni har bakin ƙofar asibiti, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce ita ba ta ce in bar gidan mijina ba, ba za ta kuma ce ba. Amma kada in kawo mata shi nan. Na ce Inna, ba wanda ya san yadda abin ya faru. Ta ce mutum biyu ne a wurin, ɗaya yana kwance, ɗaya yana tafiya da ƙafarsa.

Alhamis, 12 ga wata, bayan magariba

Mun yi faɗa, in za a kira shi faɗa. Na ce a kira Dogo. Wurin ubangida ɗaya suka koyi aiki, kuma duk garin nan in ba mijina ba sai shi. Maigida ya ajiye cokali ya ce babu wanda zai hau bishiyar gidansa yana raye. Na ce to ka hau. Ban so na faɗa ba. Ya kalle ni, na gane ya san na gan shi ran Lahadi.

Na san abin da ya sa ba ya son Dogo. Dogo ne ya fara isa wurin a ranar can, a bayan motarsa aka kwantar da Auta. Ya ga abin da ya gani.

Abincin yana nan a rufe.

Juma'a, 13 ga wata, azahar

Na je ofishin masu wuta karo na uku. An ce mai tsanin ya fita, mai motar bai zo ba, mai sa hannu yana taro. Na rubuta sunan layinmu a takarda kamar yadda nake sa 'yan aji biyu su rubuta, manya-manya, na bar ta a kan tebur.

Yatsa uku ke shiga tsagar yanzu.

Lahadi, 15 ga wata, biyar da rabi na yamma

An yi ruwa da iska wajen ƙarfe uku. Muna tsaye ni da maigida a ƙofar ɗaki. Reshen yana sama yana ƙasa a kan katanga, yana kuka kamar tsohuwar ƙofa. Ɗaya daga katakan da ya tokare da su ya zame. Sai muka ji bulo ya zube ta can gefen, matar Tela ta yi salati.

Bulo uku ne daga saman katanga. Sun faɗi a inda take wanke-wanke kullum. Ta tashi ɗauko bokiti ne kawai. Ba abin da ya same ta, sai kwanoni da suka lotse. Ta zauna a ƙasa cikin ruwa ta kasa tashi, ni na zaga na ɗaga ta.

Da na dawo yana lambu cikin ruwa yana mayar da katakon. Hannuna duka yana shiga tsagar.

Litinin, 16 ga wata, uku na yamma

Na dawo daga makaranta na tarar da Tela a lungunmu da mutum biyu masu adda da gatari, ya samo su a bakin kasuwa. Yau babu raha a fuskarsa. Ya ce ya yi haƙurin da maƙwabci ke yi, saura kaɗan ya binne uwar 'ya'yansa. Mutanen suka ce aikin awa ɗaya ne, za su sare reshen daga gindi, in ya rabu sai a ja.

Har ɗayan ya ɗaga gatari maigida ya fito. Bai ɗaga murya ba. Ya ce masa ya sa tafin hannunsa a jikin reshen tukuna. Mutumin ya sa. Ya tambaye shi ko yana jin yadda yake a ɗame. Ya yi musu bayani cewa reshen nan kamar baka yake da aka ja, nauyinsa rabi a katanga, rabi a tsagar. In aka sare gindin, gindin zai yi tsalle ya daki ƙirjin mai sara, kan kuma ya burma ɗakin yara da wayar wuta a jikinsa. Ya nuna musu wani karyayyen reshe da ke rataye can sama a cikin ganye, wanda ni ban taɓa lura da shi ba, ya ce wancan zai fara sauka, a daidai inda na biyun yake tsaye. Mutumin ya matsa da sauri har ya taka min ragowar tumatir.

Rabon da in ji ya yi magana mai tsawo haka tun kafin ranar can. Mutanen suka tafi. Tela ya tsaya, ya ce, "To tunda ka san duk wannan, me kake jira?"

Maigida ya ce, "Ba zan iya hawa ba."

A gaban Tela ya faɗa, a gabana. Sannan ya miƙo min wayarsa ya ce in kira Dogo.

Talata, 17 ga wata, hantsi

Ban je makaranta ba. Dogo ya zo, sai da ya sunkuya kafin ya shiga lungun. Suka gaisa kamar jiya suka rabu. Bai kawo zancen komai ba, na gode masa a raina. Suka zagaya bishiyar kusan awa guda. Dogo ya ƙwanƙwasa gindin da bayan gatari, ya yi sauti kamar ganga. Gara ta cinye cikinta, har rabin da ke tsaye ba zai zauna ba. Duka za ta tafi.

Sun shirya haka. Dogo zai hau rabin da ke tsaye, ya rataya igiya a can sama. Ba zai taka wanda ya kwanta ba ko da wasa. Za a fara da karyayyen da ke rataye, sannan a bi kwantaccen daga kai zuwa gindi, guntu-guntu, kowane guntu a ɗaure shi kafin a yanka, a sauke shi a hankali. Dogo ya ce zai zo da mai riƙe masa igiya. Maigida ya ce a'a, shi zai riƙe.

Dogo ya dube shi, ya dubi ƙasa, ya ce to. Daga nan ya kira wani a waya, ko minti biyu ba su yi ba, aka ce masu wuta za su zo jibi da safe. Ni da na je sau uku.

Laraba, 18 ga wata, shida na yamma

Na gaya wa Auta. Ya tambayi wa zai hau, wa zai tsaya a ƙasa. Da na faɗa masa ya juya fuskarsa bango.

Alhamis, 19 ga wata, bayan la'asar



An cire wuta ƙarfe takwas. Tela ya fitar da iyalinsa waje, ya zauna a kan benci a titi yana hana mutane wucewa ta gindin katanga. Aka kwashe komai daga lungun don mai gudu ya sami hanya. Maigida ya naɗa babbar igiya zagaye biyu a gindin, ya tsaya can kusurwa. Ni aka ba ni siririya, in tsaya a ƙofar kicin in riƙa janye guntun daga katanga in yana saukowa. Ya sa min hular kwanonsa, ya ɗaure min igiyarta a haɓa da kansa. Ya ce in ya ce saki, in saki, kada in tsaya tunani.

Kafin Dogo ya hau, maigida ya kafa masa sharaɗi ɗaya. Kafin kowane yanka zai kashe inji gaba ɗaya, ya tambaya, ya ji amsa da kunnensa, sannan ya tayar. Dogo ya ce rage wuta ma ya isa, tayar da inji a sama sau hamsin kafaɗarsa ce za ta biya. Maigida ya ce a kashe. Dogo bai ƙara musu ba.

Haka aka yini. Inji ya mutu, Dogo ya ce, "A ƙasa?" Maigida ya dube ni, ya dubi lungu, ya ce, "Na riƙe." Inji ya tashi, garin katako ya zubo mana a ka, guntu ya rabu ya yi lilo, igiya ta yi ƙara a jikin gindin, ya sauko. Na ƙirga talatin da ɗaya na daina.

Sau ɗaya abu ya so ɓaci. Da aka zo daidai katanga, inda reshen ya fi ɗamewa, itacen ya matse bakin inji. Dogo ya ja, ya ƙi fita. Maigida ya ce kada ya ƙara ja. Ya sa aka buga ɗan katako a bakin yankan har ya buɗe. Da guntun ya rabu, ragowar reshen ya yi sama da ƙarfi, ya wuce fuskar Dogo da kamar tafin hannu. Guntun kuma ya fi yadda suka zata nauyi. Igiyar ta ja maigida taku biyu, ta ci safar hannunsa, bai saki ba. Ya ce min saki, na saki. Gungumen ya daki bangon ɗakinmu, ya tsaya yana juyawa a daidai tsayin ƙugu.

Dogo ya sauko ya sha ruwa, ya koma.

Kafin ƙarfe huɗu kwanon Tela ya fita fes, ya lotsa a wuri biyu kawai. Tafin hannun maigida ya saɓule. Na wanke masa da ruwan gishiri, bai ko motsa ba.

Juma'a, 20 ga wata, biyar na yamma

An gama. Rabin da ke tsaye bai ba da wahala ba. Gungumen ƙarshe da aka kwantar, rami ne a cikinsa da zan iya zura ƙafata, cike da jar ƙasa da gara. Saura kututture daidai gwiwa. Lambun ya yi haske har ba na son kallonsa.

Asabar, 21 ga wata, hantsi

Ina canza wa maigida ƙyallen hannu ya fara magana, ba tare da na tambaya ba. Kansa a ƙasa. Ya ce ranar can inji yana kunne, ya kira Auta daga sama, ya ga bakinsa ya motsa, sai ya yanke reshen. Ya ce kwana arba'in ke nan yana mayar da abin a kansa.

"Wani lokaci in ji ya ce na riƙe. Wani lokaci in ji ya ce dakata. Wallahi ban san wanne ba ne."

Na ce Auta zai sani. Ya ce abin da yake tsoro ke nan.

Na gama ɗaurin. Ban ce masa ba laifinsa ba ne, don ni ma ban sani ba.

Litinin, 23 ga wata, shida na yamma

Maigida ya bi ni asibiti. Ban roƙe shi ba, na fito na same shi a soro da takalmi a ƙafa.

Ya durƙusa ya gaida Inna. Ta ɗauki butarta ta fita, ta bar mayafinta a kan kujera. Ya tsaya a ƙarshen gadon da hannuwansa a naɗe cikin ƙyalle. Auta ya daɗe yana kallon hannuwan. Sannan ya tambaye shi zagaye nawa ya yi wa igiyar a gindi. Ya ce biyu. Auta ya ce ɗanyen mangwaro ai uku ake yi, shi ya sa ta ci shi. Maigida ya ce ba a taɓa gaya masa ba. Auta ya ce ba a taɓa tambayarsa ba.

Suka yi ta zancen aikin, ta ina aka fara, ina ya matse, yadda Dogo ya tsufa. Ina jira ɗayansu ya kawo waccan maganar. Maigida ya buɗe baki sau ɗaya, Auta ya riga shi ya ce a miƙo masa ruwa. Ban san ko ya tuna ba ne ba ya so ya faɗa, ko bai tuna ba. Maigida ne ya riƙe masa kofin, ruwan ya zuba kaɗan a wuyansa.

Inna ba ta dawo ba sai da muka fito. Na hango ta a ƙarshen baranda tana jiran mu wuce.

Laraba, 25 ga wata, huɗu da rabi na yamma

Za a sallami Auta ranar Litinin. Ɗakin Inna a saman bene yake, matakala goma sha bakwai. Ta faɗa min haka yau tana kallon wani wuri, ta ce ɗakin baƙinmu ai a ƙasa yake. Na ce eh. Ta ce ita ma za ta zo da tabarmarta, kuma ba don kowa za ta zo ba sai don ɗanta. Na ce to, Inna.

Na gaya wa maigida. Ya tashi ya shiga gidan Tela ya aro tef. Ya tambaye ni faɗin keken guragun da asibiti za su ba Auta, na ba shi takardar da ma'aikaciyar jinya ta rubuta min. Ya auna ƙofar soro, ta isa. Ya auna ta ɗakin baƙi, ya sake aunawa. Ta gaza da yatsa huɗu. Ta banɗaki ta fi haka gazawa.

Na ce ya bari hannunsa ya warke, a kira magini. Ya ce Litinin ba ta da nisa.

Yanzu haka yana can yana fasa gefen ƙofar da guduma. Ƙura ta cika gidan. Zan je in kwashe labule.